Ƙoƙo Mai Ɗumi a Daren Hunturu

Tambayar wani yaro ce ta jawo wannan rubutu, saboda haka da yaron zan fara kafin in shiga tarihi.

Ɗan ikilisiyarmu ne a nan ƙasar Tsiga, a hannuna aka yi masa baftisma. Iyayensa suka sayar da masara da waken suya na damina biyu, suka haɗa da bijimi guda, suka tura shi karatun likita a Yukiren. Da yaƙi ya ɓarke a watan Fabrairu na 2022, sai ya bi ayarin ɗaliban Afirka da suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Polan, cikin sanyin da bai taɓa zaton akwai irinsa a duniya ba. Wasu tsofaffi, miji da mata, a birnin Kirakof suka ba shi ɗakin ɗansu. Da Disamba ta kama sai suka kai shi kasuwar Kirsimeti da ke ci a babban dandalin birnin. Maigidan ya sayi wani abin sha mai tururi ya miƙa masa da hannu biyu. Ƙamshin kanumfari ya buge shi, har ya tuna masa da madafar mahaifiyarsa. Da ya kai kusa da baki ya gane ruwan inabi ne mai sa maye. Ya riƙe kofin yana ɗumama tafin hannunsa har ya huce, bai kurɓa ba. A wannan dare ya aiko mini da saƙo ta waya, ya ce, "Baba Fasto, mutanen nan masu bi ne, su suka rufa mini asiri, ga shi na ƙi abin da suka ba ni. Na yi musu laifi ne? Da na sha fa, da na yi zunubi?"

Na ba shi gajeriyar amsa don ya samu barci. Ni kuwa tambayar ta hana ni nawa barcin, ta sa na koma kan littattafaina, ina neman asalin abin da ke cikin wannan kofi.

Mutanen Polan suna kiransa grzaniec, wato abin da aka ɗumama. Yinsa ba wuya. Ana zuba jan ruwan inabi a tukunya, a sa kirfa da kanumfari da ɓawon lemon zaƙi, a ƙara zuma, wasu su jefa busassun 'ya'yan itace, a ɗora a wuta marar ƙarfi. Ba a barinsa ya tafasa, don tafasa tana korar ƙamshi ta ɓata ɗanɗano. Ka lura da wannan, domin akwai masu cewa wuta tana kashe ƙarfin giya: ɗumamawa irin wannan ba ta fitar da maye, abin da ke cikin kofin yana nan da ƙarfinsa. Polan ƙasa ce mai sanyi, inabi bai cika yi a cikinta ba. A zamanin da, masu hali ne suke shan ruwan inabi, mafi yawansa kuwa fatake ke kawo shi daga Hangari, Kirakof tana cikin manyan zangonsu. Talaka giyar hatsi yake ɗumamawa. Su ma ke nan aro suka yi.

Daga wa suka ara? Romawa ne suka yaɗa noman inabi zuwa arewacin Turai, tare da ɗabi'ar gauraya shi da zuma da kayan yaji. Akwai wani tsohon littafin girke-girke na Latin da ake jingina wa wani mai suna Afikiyus, wanda ya fara da yadda ake dafa ruwan inabi da zuma da barkono da dabino. Tun kafin Romawa ma Yahudawa sun san irinsa, gama Waƙar Waƙoƙi 8:2 ta ambaci ruwan inabi mai kayan ƙamshi. Ka kuma tuna da Markus 15:23, inda aka miƙa wa Ubangijinmu ruwan inabi gauraye da mur a Golgota, bai kuwa karɓa ba.

A tsakiyar zamanan Turai, sarakuna da attajirai suna rufe liyafa da wani ruwan inabi mai yaji da suke kira hifokaras, suna ɗaukarsa rabi abin sha rabi magani. A nan ne na ci karo da abin da ya sa na ajiye littafin na yi dariya ni kaɗai. Wani littafin kula da gida da aka rubuta a Faris wajen shekara ta 1393 ya lissafta abubuwan da ake dakawa a zuba a ciki: kirfa, da citta mai yatsu, da sukari, da wasu ƙwayoyi da suke kira ƙwayar aljanna. Ƙwayar aljannar nan, ya ɗan'uwana, ita ce citta mai 'ya'ya, wadda kakanninmu mata ke ƙullewa a bakin zane, wadda ake dakawa a yajin mai jego. Asalinta kurmin Afirka ta Yamma ne. Fatake ke ɗauko ta, raƙuma su ratsa Sahara da ita zuwa gaɓar Bahar Rum, 'yan kasuwar Italiya su tsallaka da ita. Da yake masu sayarwa ba sa so a san inda take fitowa, kuma suna son farashi ya hau, sai suka bar mutane suna zaton daga gonar Adnin take. Sai a ƙarni na 15, da jiragen Fotugal suka gangaro bakin teku, Turawa suka ga shukarta da idonsu, har suka sa wa gaɓar da ke Laberiya ta yau sunan wannan ƙwaya.

Mu kuma abin da ya zo mana ta wannan hanya shi ne kanumfari. Sunan kansa ya tona asirinsa, gama daga Larabci muka are shi, ƙaranful. Asalinsa wasu 'yan tsibirai ne na Maluku, a Indunusiya ta yau. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, an zubar da jini mai yawa a kansa. Kamfanin 'yan kasuwar Holan da aka kafa a 1602 ya yi ta sare itatuwan kanumfari a tsibiran da ba ya iko da su, yana hukunta duk wanda ya shuka ba da izini ba, don kada kowa ya sayar sai shi. A 1770 wani Bafaranshe ya sa aka sato irinsa zuwa tsibirin Morishas, daga can ya isa Zanzibar a farkon ƙarni na 19. Sarki Sayyid Sa'id ya cika Zanzibar da Femba da gonakinsa, bayi 'yan Afirka kuwa su ne suka yi noman. Lokacin da Bajamushen matafiyin nan Hainirik Bat, wanda aka sani a ƙasarmu da Abdulkarim, ya ratsa Katsina ya shiga Kano a farkon 1851, ya lissafta kanumfari cikin hajar da ayarin arewa ke saukewa a kasuwa. Saboda haka ƙamshin da yaronmu ya ji a Kirakof bai yaudare shi ba. Ƙamshin gida ne na gaskiya. Hanya ɗaya ce ta kai cittarmu tukunyarsu, ta kawo kanumfari tamu.

To, mu dawo gida, gama a nan ne ƙashin bayan tambayar yake. Me ya sa hannun yaron ya ƙi kai kofin baki, alhali ba wanda yake ganinsa daga cikinmu?

Yawancinmu da ke sujada da Hausa a ƙasashen Bakori da Ƙafur da Malumfashi da Ƙanƙara jikokin Maguzawa ne, ba kuwa abin kunya ba ne mu faɗa. A gidan kakanninmu giyar dawa ita ce igiyar da ta ɗaure jama'a. Da ita ake kiran gayya, da ita ake neman aure, da ita ake makoki, ita ake zubawa a gindin tsafi kafin kowa ya sha. Mace ke dafa ta: ta jiƙa dawa ta tsira, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane kwana da kwanaki. Kuɗin giya na mace ne, da shi take sayen akuya, da shi take yi wa 'yarta gara. Turawan mulki sun hana shigo da barasar kwalba Arewa, bisa yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasil a 1890, amma tukunyar Bamaguza ta ci gaba da tafasa a ƙauye.

Mishan ta SIM, wadda mutum uku suka fara a 1893, ta daɗe ba ta samu izinin aiki a ƙasashen sarakuna ba. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta buɗe, ta kafa tashoshi a lardunan Kano da Katsina, har da Malumfashi. A 1932 ne kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Masu bisharar nan sun fito daga ikilisiyoyin Kanada da Amurka da Ingila da suka shafe kusan ƙarni guda suna yaƙi da shaye-shaye. Amurka ta haramta sayar da giya daga 1920 zuwa 1933. Tun 1869 wani likitan haƙori ɗan Metodis mai suna Tomas Welc ya gano yadda za a dafa ruwan inabi don kada ya yi tsami, domin a riƙa ba da shi a Jibin Ubangiji. Da wannan tarbiyya suka iso mana. Duk wanda zai shiga ruwan baftisma, sai ya rabu da tsafi, ya rabu da giya, ba a raba ɗaya da ɗaya. Da aka kafa ECWA a 1954, dattawanmu na ƙasa suka riƙe dokar, wasu ma suka fi Turawan tsanani.

Kakata ta wajen uba shahararriyar mai dafa giya ce. Ina yaro na tarar da tukwanenta guda huɗu a kife a bayan rumbu, kowace za ta ɓoye ɗan shekara biyar, mu kuwa a cikinsu muke wasan ɓuya. Ta karɓi bishara tana da 'ya'ya shida, mijinta ya riga ya rasu. Ranar da ta kife tukwanen nan, ta kife abincinta ne. A daminar farko ta kira gayya ba wanda ya zo, gama wa zai yi wa mutum noma a sallame shi da ruwa? Ƙannen mijinta suka ce ta zama baƙuwa a gidansu. Da na girma na tambaye ta ko ta taɓa yin nadama, sai ta ce, "Kai maigidana, giya ta ci ubanka na fari kafin a haife ka." Wan mahaifina take nufi, wanda aka sara a wurin shan giyar makoki, a kan maganar da washegari ba wanda ya iya tuna ta. Ta kuma ce ta ga shekarun da dawar rumbu ke ƙarewa a tukunya tun kafin Mayu, yara su shiga damina da tafasa da rama.

Ga hukuncina, ka auna shi. A makarantar tauhidi an koya mana kada mu sa Littafi ya faɗi abin da bai faɗa ba. Littafi bai kira ruwan inabi zunubi ba. Mu'ujiza ta fari a Kana ta Galili tana nan a Yahaya sura 2, shawarar Bulus ga Timoti saboda ciwon cikinsa tana nan a 1 Timoti 5:23. Abin da Littafi ya tsawata a kai shi ne maye, ya kuwa tsawata da ƙarfi, a Karin Magana 23 da Afisawa 5:18. Tsohon nan na Kirakof, wanda ƙasarsa ta karɓi bangaskiya tun da aka yi wa sarkinsu Miyeshko baftisma a 966, bai miƙa wa yaronmu tarko ba, alheri ya miƙa masa. Ba ni da ikon hukunta bawan wani, haka Romawa 14 ta koya mini. Amma surar nan ita ce kuma ta ce kada mutum ya ci ko ya sha abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba, kada kuma ya zama sanadin tuntuɓe ga ɗan'uwansa. Dokar iyayenmu daga miki ta fito, mikin bai kuwa warke ba. Je ka bayan kasuwar kowane gari ka ga samarinmu da 'yan ledojin barasa da ƙwayoyi. Ga shi kuma muna zaune tsakiyar maƙwabta Musulmi, a jihar da ta ɗauki shari'a tun 2000, waɗanda da yawansu suka taso da zaton Kirista da mashayi abu ɗaya ne. Shekara hamsin kakata ta yi tana ƙaryata wannan zato da rayuwarta. Ni ba na sha, ba kuwa zan koya wa 'ya'yan ikilisiyata su sha ba.

Sai dai akwai inda nake ganin masu bisharar farko sun gaza, ina faɗa da ladabi, gama a kafaɗarsu muke tsaye. Sun tumɓuke giya, ba su tsaya sun tambayi aikin da take yi a gari ba. Ba su tanadi abin da gwauruwa za ta sayar ba, ko abin da za a miƙa wa baƙo, ko abin da zai tara mutane a gona. Mata ne suka cike wannan giɓi, ba da taron majalisa ba. Kakata ta tayar da tukunya ɗaya cikin huɗun ta koma dama kunun zaƙi da na tsamiya tana kaiwa kasuwa. Matan zumunta suka mai da gayya ta zama ta ikilisiya, yau gonar wannan gobe ta wancan, a sallami manoma da tuwo da kunu. A daren Kirsimeti kuwa, lokacin da hunturu ke tsaga leɓe, hazo ya rufe taurari, ana kwana ana waƙa a filin majami'a, sai su dafa zoɓo mai zafi a raba a ƙoƙuna. A ƙananan majami'unmu na ƙauye, inda ba a samun ruwan inabin kwalba, zoɓon nan ne na sha a Jibin Ubangiji na farko a rayuwata.

Shi ma zoɓon yana da nasa tarihin tafiya. Yakuwa shukar ƙasashenmu ce, a gefen gona ake yafa ta don ta nuna iyaka. A zamanin cinikin bayi ta tsallaka teku, har yau kuwa a Jamaika da maƙwabtanta jan zoɓo da citta da kanumfari shi ne abin shan Kirsimeti. Jikokin waɗanda aka sayar sun riƙe shi shekaru ɗaruruwa. Wani daga cikin jikokin nan, W. A. Tomson, ma'aikacin mishan ta CMS daga tsibiran Karibiyan, ya yi aiki a Gimi ta ƙasar Zazzau, inda Isawan da suka karɓi bishara suka kafa zama gab da yaƙin duniya na farko. Ana tunawa da shi a kan injin matse rake da dabba ke juyawa, wanda ya bunƙasa sana'ar mazarƙwaila a wannan yanki. Ciwon barci ya watsa zaman Gimi, sana'ar kuwa ta rayu, ga ta nan har yau a ƙasar Maƙarfi. Duk lokacin da na ga an fasa curin mazarƙwaila a tukunyar zoɓo, shi nake tunawa.

In kana so ka dafa irin na kakata, ga yadda na gani. A wanke busasshen zoɓo rabin mudu da ruwan sanyi don yashi ya fita. A daddaka citta mai yatsu, a haɗa da kanumfari kamar cikin cokali, da masoro, da kimba sili biyu kawai, gama in ta yi yawa ɗaci take yi. Citta mai 'ya'ya kuwa 'yan ƙwayoyi sun isa. A tafasa kayan yajin tukuna su kaɗai har ruwan ya ɗauki ƙamshi, sa'an nan a zuba zoɓon, a rage wuta, a rufe. Ba a barinsa ya daɗe yana tafasa. A tace, a sa mazarƙwaila ko zuma, a jefa ɓawon lemo in akwai, a sha da zafinsa. Tun da annoba ta faɗa wa gonakin citta na Kachiya da Kwoi da Kafanchan a 2023, cittar ta yi tsada ƙwarai, matanmu sai su ƙara masoro su rage ta.

Da na ci gaba da bincike sai na tarar mutanen Polan ɗin ma, a daren da ya fi kowane tsarki a wurinsu, ba ruwan inabi ne a gaba ba. Daren 24 ga Disamba suna kiransa Wigiliya. Ba a zama cin abinci sai an ga tauraro na farko. Ba a cin nama. Ana sa 'yar ciyawa a ƙarƙashin mayafin tebur don tunawa da komin dabbobi, a kakkarya wata siririyar waina ana yi wa juna fatan alheri da neman gafara. Abin sha na al'ada a wannan tebur ruwan busassun 'ya'yan itace ne da aka dafa, ba maye a cikinsa. Sa'an nan ana ajiye kujera guda da kwano guda ba mai su, domin baƙon da ba a zata ba. An shafe ƙasarsu daga taswira daga 1795 zuwa 1918, an kwashe dubbansu zuwa Saberiya, yaƙin duniya na biyu ya cinye musu miliyoyi. Saboda haka kujerar nan ta zama kuma ta wanda aka tafi da shi ba a san ranar dawowarsa ba.

Wannan ba ya bukatar fassara ga mutumin Tsiga. Shekarun nan mun daina kwanan waƙa a fili. Sujadar jajibirin Kirsimeti da la'asar muke yinta, kowa ya shige gida kafin duhu saboda 'yan bindiga. Akwai gidajen da aka sayar da shanu da gona aka fanso mutum, akwai waɗanda aka biya ba a ga kowa ba, na Kirista da na Musulmi duka. Bara na ba matan zumunta labarin kujerar Polan. Ba su ce komai ba. Da aka zo rabon zoɓo sai na ga sun jera ƙoƙuna bakwai a kan benci na gaba, sun cika su, ba wanda ya taɓa. Na ƙirga a zuciyata, bakwai ne cif waɗanda ba sa tare da mu. Da aka tashi, wata dattijuwa ta ce zunubi ne a zubar, ta sa yara suka kai wa 'yan gudun hijirar da ke kwana a makarantar firamare, aka ƙara musu da abin da ya rage a tukunya.

Yaronmu kuwa na rubuta masa duk abin da ka karanta, na ce ya je ya gaya wa masu masaukinsa labarin kakanninsa, kada ya bar su suna zaton raini ne. Ya ce ashe busasshen zoɓo yana nan a kantunansu, a cikin ganyen shayi na 'ya'yan itace suke sa shi, ba su san shukarsa ba. Ya sayo, ya samo citta da kanumfari, kimba da masoro ne kawai ya rasa. A daren Wigiliya suka zaunar da shi a kujerar baƙo, ya shiga madafa ya dafa musu. Tsohuwar ta kurɓa, ta yi tari saboda cittar ta yi mata yawa, ta share hawaye, ta miƙo kofinta a ƙara mata.